Inda Aka Kwana: Tsuguno da Ƙarfe da Abin da Ya Ƙara wa Tsallena

'Yan uwa masu neman tsalle, sannunmu da fama. Ga inda aka kwana a ɓangarena. Ƙarfen da nake tsugunawa da shi ya matso kusa da nauyin jikina da rabi, alamar allin da nake dangwalawa a bango kuma ta haura ta awona na farko da kamar faɗin tafin hannu. In na ɗan taho da gudu, yatsuna kan shafi bakin kwandon filin ƙwallon kwando, wanda tsayinsa mita 3.05 ne daga ƙasa. Cusa ƙwallo kam da saura. Abin da ya sa na zauna rubuta muku a wannan karon shi ne ƙarin bai zo a jere ba. Da farko ƙarfe da tsalle tare suka riƙa tafiya, daga baya ƙarfe ya ci gaba, tsalle ya toge. Na ji da yawa cikinmu suna kuka da irin wannan, kuma ina ganin na fara kamo bakin zaren.

Mu fara da awo, don wanda bai auna ba zato kawai yake yi. Ina nan a kan tsohuwar hanyar da Dudley Sargent, wani malamin motsa jiki ɗan Amurka, ya fito da ita a 1921: a shafa alli a yatsu, a tsaya gefen bango ba tare da an ɗaga diddige ba, a miƙa hannu a sa alama, sannan a yi tsalle a sake dangwalawa. Tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ita ce tsallenka. Wani lokaci nakan haɗa da waya. In wayarka tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, ƙirga lokacin da ƙafa ta bar ƙasa zuwa lokacin da ta dawo, ka ninka lokacin da kansa, ka sake ninkawa da 123, sai ka sami santimita. Wanda ya yi sakan 0.6 a sama ya tashi kamar santimita 44, wanda ya yi 0.7 ya tashi kamar 60. Amma fa a sauka da ƙafa a miƙe kamar yadda aka tashi, domin mai naɗe gwiwa a sama yakan jinkirta saukarsa, lissafi ya ba shi abin da bai samu ba.

Yanzu ga tsugunon kansa, wanda a nan na fi ɓata lokaci.

Ƙafa nake fara dubawa kafin komai. Nakan ware su daidai faɗin kafaɗa ko su ɗan ɗara, yatsu su ɗan kalli waje. Wuri uku nake so in ji sun kama ƙasa: diddige, gindin babban yatsa, da gindin ƙaramin yatsa. Da zarar ɗaya ya saki, sauran jiki zai nuna. In gindin ƙaramin yatsa ya ɗago, za ka ga gwiwa ta karkato ciki. In diddige ne ya ɗago, nauyi ya koma gaba, ƙarfe ya fara jan ka. Shi ya sa na daina tsuguno da takalmin gudu mai laushin ƙasa, na koma mai tauri, wanda ba ya lotsewa.

Sandar ƙarfen, wadda ita kaɗai kilo 20 ce kafin a jera mata faifai, a kan tsokar saman kafaɗa nake ɗora ta, ba a kan ƙashin wuya ba. A matse kafaɗu ta baya har tsokar ta taso, sai sandar ta sami wurin zama. Sannan numfashi. Kafin in sauka nakan ja iska in cika ciki da ita har in ji ta a gefe da gefe da kuma baya, in ɗaure cikin kamar mai jiran naushi, in riƙe har sai na wuce wurin da ya fi wuya a tasowa. Wannan ɗaurin shi ke riƙe gadon baya. Mai hawan jini dai ya tuntuɓi likita kafin ya ɗauki wannan ɗabi'a ta riƙe numfashi, saboda tana sa jini ya hau na ɗan lokaci.

Sauka kuwa, ƙugu da gwiwa tare nake sakin su, in zauna tsakanin ƙafafuna har sai mahaɗar cinya da ƙugu ta ɗan gota ƙasa da saman gwiwa. A nan ake yawan gardama, sai ka ji an ce kada ka kuskura gwiwa ta wuce yatsun ƙafa. Ni ban yarda da wannan a matsayin doka ba. A 2003 an yi wani gwaji a Jami'ar Memphis da ke Amurka, aka sa katako a gaban gwiwar masu tsuguno don hana ta wucewa. Nauyin da ke kan gwiwa ya ragu da kamar kashi 22 cikin ɗari, amma wanda ke kan ƙugu ya ninka fiye da sau goma, domin dole mutum ya sunkuya sosai kafin ya sauka. Ke nan nauyin bai ɓace ba, ƙugu da baya aka tura wa. Mu da muke neman tsalle ma muna buƙatar tsokar gaban cinya ta yi aiki, kuma ba za ta yi yadda ya kamata ba in an hana gwiwa motsi. Abin da nake lura da shi kawai shi ne gwiwa ta bi saitin yatsu, diddige kuma ya zauna a ƙasa.

Iyakar zurfina ita ce inda ƙasan bayana zai fara lanƙwashewa ciki. Na ajiye waya a gefe, daidai tsayin ƙugu, na ɗauki kaina. A bidiyon sai ka ga bayan a miƙe yake, a miƙe yake, can ƙasa sai ɗuwawu ya shige ciki, rigar da ke bayanka ta ɗan ɗago. To wannan wurin ne iyakarka a yau. A wurina taurin idon sawu ne ke jawo shi. Gwajin mai sauƙi ne: durƙusa da gwiwa ɗaya, ajiye ɗaya ƙafar nesa da bango da kamar santimita 10, ka ga ko gwiwa za ta taɓa bango ba tare da diddige ya ɗago ba. Tawa ta hagu ba ta kaiwa. Yanzu kullum kafin atisaye sai na ɗan jima ina tura gwiwar gaba ina dawowa, kuma zurfin ya fara buɗewa.

Wani zai ce, ai mai tsalle ba ya tsugunawa har ƙasa kafin ya tashi, me ya kawo zurfi? Tambaya ce mai ma'ana. A Jamus a 2012 an raba ɗalibai, wasu suka yi mako 10 suna tsuguno mai zurfi, wasu suna ɗan dosanawa kaɗan da ƙarfe mai nauyi, kuma masu zurfin ne tsallensu ya ƙaru. A 2016 kuma wani binciken da aka yi da 'yan wasan da suka riga suka yi ƙarfi ya nuna gajeren tsugunon ya fi ƙara musu tsalle. Yadda na fahimce su, ba su ƙaryata juna ba. Mai koyo irinmu, wanda tsokarsa ba ta ginu ba tukuna, zurfi ya fi masa amfani, domin shi ke sa ɗuwawu da cinya su yi cikakken aiki. Gajeren tsuguno na wanda ya riga ya tara ƙarfi ne, yana so ya saita shi daidai kusurwar da yake tashi.

To me ya sa tsallena ya toge alhali ƙarfe yana ƙaruwa? Lokaci ne. Tsayin tsalle ya dogara ne kacokan a kan saurin da jiki ya bar ƙasa da shi. Don tashi santimita 44 ana buƙatar barin ƙasa da gudun kamar mita 2.9 a sakan, don 60 kuma kamar 3.4. Wannan saurin duk a cikin ɗan abin da bai kai sulusin sakan ba ake tara shi, daga lokacin da ka fara miƙewa zuwa lokacin da yatsu suka rabu da ƙasa. Tsuguno mai nauyi kuwa yakan ba ka sakan biyu ko uku kana nishi kana tasowa. Tsoka tana buƙatar lokaci kafin ta fitar da dukan ƙarfinta, tsalle kuma ba ya jira. Saboda haka mutum zai iya tara ƙarfin da ba ya iya kira da wuri. A farko, ga wanda ba shi da ƙarfi sosai, duk kilon da ya ƙaru a sanda sai ya bayyana a bango. Da tafiya ta yi nisa, sai ribar ta riƙa raguwa.

Akwai kuma nauyin jiki. Ba sanda kake ɗagawa sama ba in ka yi tsalle, kanka kake ɗagawa. Wanda ya ƙara kilo 10 a sanda ya kuma ƙara kilo 5 na teɓa, da wuya allinsa ya motsa. Shi ya sa nake auna ƙarfe da nauyin jikina, ba da abin da na kusa da ni yake ɗagawa ba.

Ga abin da na sauya. Na farko, niyyar tasowa. Ko da ƙarfen ya yi nauyi yana tafiya a hankali, ni da dukan saurina nake tunkuɗa shi tun daga ƙasa. Na rage yawan maimaici zuwa uku, huɗu, in ya yi yawa biyar a zagaye ɗaya, ina hutawa minti uku tsakani, kuma da na ji sandar ta fara jan ƙafa sai in ajiye ko da ban cika lissafi ba. Ban cika bin ƙarfe har sai na gaza ba yanzu, saboda gajiyar da yake bari takan cinye tsallen jibi.

Na biyu, tsalle ya dawo gaban ƙarfe. Bayan ɗumama jiki, kafin in taɓa sanda, nakan yi 'yan tsalle kaɗan da dukan ƙarfina, kowanne da hutu a bayansa, ina neman taɓa wani abu takamaimai a sama. Samun abin da ido ke hari yana sa mutum ya zage fiye da tsalle a fili. A nan ne ma na gane yawan abin da hannu ke bayarwa. Wurga hannuwa da kyau kan ƙara kashi ɗaya cikin goma na tsalle ko fiye. Su koma baya lokacin da kake sauka, su tsinke sama daidai lokacin da ƙugu ke buɗewa. In suka makara, sai ka ji kamar wani ya riƙe maka riga.

Saukar kafin tashi ma tana da nata sirrin. Agara da jijiyar gwiwa kamar danƙo suke, in aka ja su aka saki nan take sai su harba, in aka ja aka tsaya sai ƙarfin ya salwanta. Don haka ake so a faɗa ƙasa da sauri a juyo ba tare da an dakata ba. A kan wannan ne Yuri Verkhoshansky, mai horar da 'yan wasa a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, ya gina hanyarsa a shekarun 1960, ta a diro daga kan akwati a tashi nan take. Na fara ta, amma daga akwati gajere, kamar santimita 30, kuma kaɗan-kaɗan. Da yawa daga masu horarwa sukan ce a bari sai an iya tsuguno da nauyin jiki da rabi kafin a hau dogon akwati, ni ma na ga hikimar hakan. Kunne ne alƙalina a nan: in sauka ta yi ƙarar dam, diddige ya daki ƙasa, akwatin ya fi ƙarfina. In kuwa na ji ɗan tas, na riga na koma sama, to daidai ne.

Ina roƙon ku da ku kula da jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa. Tsoka tana saurin ƙarfi, jijiya tana biyo ta a hankali, kuma a wannan tazarar ce ciwon gwiwar masu tsalle yake shiga, wanda ya addabi 'yan ƙwallon kwando da na raga. Alamarsa zafi a wuri ɗaya, wanda za ka iya nunawa da yatsa, ya fi tsanani wajen saukowa daga bene ko washegarin ranar tsalle. Na fara jin ɗan tsinkensa da na haɗa wasa da atisaye a kwanaki a jere, sai na rage tsalle, na bar tsuguno a hankali da ƙarfe madaidaici, ya lafa. In zafi ya ƙi tafiya, ko gwiwa ta kumbura, ko tana ƙullewa, wannan ya wuce shawarar abokan atisaye, sai likita.

Makona yanzu haka yake tafiya. Rana ɗaya ta ƙarfe mai nauyi ce, tsuguno da sanda a baya, sai ɗaga ƙarfe daga ƙasa da gwiwa a ɗan lanƙwashe don bayan cinya da ɗuwawu, sai ɗage a kan yatsu don sha-raɓa. Ɗaya ranar ta sauri ce, tsalle da ƙarfe marar nauyi, dirowa daga akwati, da tsuguno da ƙafa ɗaya a gaba, ɗayar a baya kan benci, wanda ya tona mini cewa hagu ta fi dama rauni. Tsakaninsu aƙalla kwana biyu. Barci kuwa na ɗauke shi cikin atisaye, domin daren da ban samu isasshe ba, allin ba ya ɓoye mini. Bayan kowane 'yan makonni nakan sassauta, in rage aikin zuwa rabi, kuma a ƙarshen irin wannan makon ne kawai nake awo, saboda jikin da ya gaji ba ya nuna abin da ya tara.

Da wannan sauyin ne alamar ta sake motsawa bayan ta daɗe a wuri ɗaya. Abin da ke gabana yanzu shi ne taku biyun ƙarshe kafin tashi. Na ga a bidiyo cewa takuna na kusa da ƙarshe gajere ne, alhali shi ya kamata ya fi tsawo, ya sauke ƙugu ƙasa, na ƙarshen ya zo da sauri ya tare gudun ya mai da shi sama. Zan riƙe ƙarfe a inda yake na wata mai zuwa, in zuba ƙoƙarina a kan wannan takun da kuma idon sawun hagu. Wanda a cikinku yake tashi da ƙafa ɗaya, don Allah ya faɗa mana yadda yake saita nasa takun, domin nawa duk na ƙafa biyu ne.