Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardun Aure a Ofishin Lauya

A makon jiya na tsaya a inda na samu aiki a ofishin wata lauya a birnin Manchester, bayan na gaji da aikin tafinta da kai-komo tsakanin asibitoci da kotuna. Ofishin ƙarami ne, a saman bene, kuma abin da aka fi yi a cikinsa shi ne shari'ar iyali da rabon gado da takardun shige da fice. Aikina shi ne karɓar baƙi, buɗe musu fayil, duba takardun da suka zo da su, da yin tafinta idan wanda ya zo mutumin ƙasashenmu ne. Takardun aure kuwa na gan su iri-iri: na coci, na masallaci, na ofishin rajista, wasu da hatimin gwamnati, wasu an rubuta su da hannu da Larabci. A cikin su akwai wani iri da ban taɓa zaton zan riƙe shi a hannuna ba, wato takardar auren jinsi da aka ɗaura a wata ƙasa aka shigo da ita Ingila.

Sai na ɗan bayyana yadda dokar take a lokacin, domin in ba haka ba labarin ba zai fito ba. A shekarar 2004 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba wa mutum biyu masu jinsi ɗaya damar yin rajistar zaman tare a hukumance, ta kuma fara aiki a watan Disamba na 2005. Dokar ba ta kira wannan rajista aure ba, amma ta ba ta kusan duk abin da aure ke bayarwa a gaban hukuma: gado, sassaucin haraji, izinin shigo da abokin zama ƙasar, da rabon dukiya idan an rabu. Denmak ce ta fara irin wannan tsari tun 1989, Faransa ta kawo nata a 1999. Sai dai kafin Birtaniya ta kai nan, wasu ƙasashe sun riga sun wuce ta, domin Holan ta halatta auren jinsi a 2001, Beljiyam a 2003, Sifaniya da Kanada a 2005, Afirka ta Kudu kuma ta biyo baya a 2006. Saboda haka mutane suka riƙa shigowa da takardun da aka rubuta aure a kansu ɓaro-ɓaro, dokar Ingila kuma ta ce ita za ta ɗauke su ne a matsayin rajistar zaman tare, ba ƙari ba ragi.

Uwar ɗakina takan ba mu labarin wasu malaman jami'a biyu, Sue Wilkinson da Celia Kitzinger, waɗanda suka yi aure a birnin Vancouver na Kanada a 2003, inda lardin ya riga ya halatta shi kafin dokar ƙasa baki ɗaya, suka kuma kai ƙara babbar kotu suna neman a amince da abin da ke hannunsu a matsayin aure. Hujjarsu ita ce, da namiji da mace ne suka yi auren a wannan ɗakin a wannan ranar, Ingila za ta karɓa ba tare da tambaya ba. A watan Yuli na 2006 alƙali Mark Potter ya ƙi amincewa da buƙatarsu, aka kuma ɗora musu biyan fam 25,000 na kuɗin shari'a. A kan wannan hukunci muka yi ta aiki shekara da shekaru.

A cikin 2010 wani dattijo Bature ya hau benenmu yana haki, riƙe da ambulan ruwan ƙasa da ya tsufa har gefensa ya yi laushi. Abokin zamansa ne ya rasu bai bar wasiyya ba, gidan da suke ciki kuma da sunan mamacin yake, ga ƙanen mamacin ya zo ya ce masa ya shirya tashi. Da ya miƙo mini ambulan ɗin hannunsa na rawa, har sai da na taimaka masa wajen zaro takardar. Ta Kanada ce, da sunayen maza biyu a kanta. Ba zan ɓoye muku ba, gabana ya faɗi. Ni Musulma ce, na tashi a kan cewa aure tsakanin namiji da mace yake, kuma har yau da nake wannan rubutu a kan haka nake. Amma wanda ke zaune a gabana tsoho ne da aka yi masa rasuwa, idonsa ya yi ja saboda rashin barci, yana tambayata ko za a bar shi ya ɗauki kujerar da mamacin ya saba zama a kai. Na ba shi ruwa, na buɗe fayil, na yi aikina yadda zan yi wa kowa.

Uwar ɗakina ba ta daɗe tana nazarin takardar ba. Ta ce masa dokar Ingila ta ɗauke shi a matsayin abokin zaman da aka yi wa rajista, don haka a rabon gado matsayinsa ɗaya da na matar da mijinta ya rasu. A ƙa'idar wancan lokaci, idan mutum ya mutu ba wasiyya, ba 'ya'ya, amma yana da iyaye ko 'yan'uwa, wanda ya bari yana ɗaukar kayan amfanin yau da kullum da fam 450,000 na farko, sannan a raba abin da ya rage biyu. Gidan bai kai wannan kuɗi ba, saboda haka nasa ne gaba ɗaya, kuma babu harajin gado a kansa. Dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi dai a saninsa aure suka yi. Uwar ɗakina ta ce ta ji, amma a takardun kotu dole ta rubuta abin da doka ta kira shi.

Ba a daɗe ba sai ga wata 'yar'uwa tamu, wadda muka saba haɗuwa a wurin suna da walima, nake kiranta Yaya domin ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ma rasuwa aka yi mata, tana cikin takaba ɗanta ya kawo ta. An ɗaura aurenta ne a falon gidan wani kawunta a nan Ingila, da liman da waliyyi da shaidu da sadaki, babu abin da ya ragu a addinance. Abu ɗaya ne ba a yi ba, ba su je ofishin rajista ba, falon kuma ba wurin da hukuma ta yi wa rajistar ɗaurin aure ba ne. Ta yi zaman aure na tsawon shekaru, ta haihu, ta yi jinyar mijinta har ya cika a hannunta, gidan kuma da sunansa shi kaɗai yake. Ni ce na yi tafinta ranar da uwar ɗakina ta gaya mata cewa a idon dokar Ingila ita ba matarsa ba ce, kuma a rabon gadon wanda bai bar wasiyya ba, ba ta da kaso ko na anini.

Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Ƙanwata, sake faɗa mini, ko dai kunnena ne bai ji daidai ba?"

Na ce, "Yaya, daidai kika ji. Ki yi haƙuri, akwai sauran hanya, bari ta ƙarasa."

Hanyar ita ce wata doka ta 1975, wadda ta ba wa wanda ya zauna da mamaci a gida ɗaya kamar ma'aurata na aƙalla shekara biyu kafin rasuwarsa damar roƙon kotu ta ba shi abin da zai riƙe kansa, muddin ya shigar da buƙatar cikin wata shida da ba da izinin rabon gadon. Roƙo ne, kuma abin da ake bayarwa bai kai na matar aure ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne bayanin da ya biyo baya. Da a ce wannan ɗaurin auren, da limaminsa da shaidunsa, a Najeriya ko Nijar aka yi shi bisa ƙa'idar da hukumar can ta yarda da ita, da Ingila ta karɓe shi a matsayin cikakken aure. Hatta auren mace fiye da ɗaya dokar Ingila tana amincewa da shi idan an ɗaura shi a ƙasar da ta halatta shi tsakanin mutanen da can ne mazauninsu na dindindin, ko da yake dokar shige da fice ta 1988 ta toshe hanyar shigo da mace ta biyu a matsayin matar aure.

Labarin Yaya ya bazu a tsakaninmu, na kuma ji maganganu da yawa. Abin da aka fi faɗa shi ne, ƙasar nan ta fifita auren jinsi a kan auren Musulunci. Na fahimci zafin da ke bayan wannan magana, domin ni ma na ji shi, amma ban yarda da ita ba, kuma na sha faɗin haka a gaban manya. Tambaya ɗaya doka ta yi wa dattijon nan da Yaya: a ina aka ɗaura, kuma an bi ƙa'idar wurin da aka ɗaura? Shi ya bi ta Kanada, ita kuma waɗanda suka ɗaura mata ba su bi ta Ingila ba, babu kuma wanda ya zaunar da ita ya gaya mata. Hukuma ba ta sa wa aure albarka, ba ta kuma cire masa. Abin da ke hannunta shi ne tantance wanda zai ci gado, wanda zai zauna a gida, wanda za a ba izinin shiga ƙasa, da wanda zai riƙe me idan zama ya ƙare. A nan ne na ga mata da yawa sun yi asara, alhali takardar da za ta kare su ba ta taɓa addininsu da komai ba.

A 2013 majalisa ta halatta auren jinsi a Ingila da Wales, kuma daga watan Maris na 2014 aka fara ɗaukar irin takardar dattijon nan a matsayin aure kai tsaye. Skotland ta bi sahu a ƙarshen wannan shekara, Ailan ta Arewa kuma sai a 2020, wanda ke nufin an yi shekaru mutum yana da aure a Manchester, idan ya haye ruwa zuwa Belfast ya koma mai rajistar zaman tare, duk a cikin ƙasa ɗaya. A watan Janairu na 2014 ɗin ne kuma shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar Najeriya da ta haramta auren jinsi, ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ƙulla shi, ta kuma bayyana cewa takardar irin wannan aure da aka samo daga wata ƙasa ba ta da amfani a Najeriya. Takardar aure ta zama kamar kuɗin ƙasa, tana saye a nan, a tsallaka iyaka ta koma takarda kawai. Na ga uwar ɗakina tana zaunar da waɗanda aiki zai kai su irin waɗannan ƙasashe tana gaya musu gaskiya ba kwana-kwana, har da cewa wanda ya koma inda ba a san aurensa ba, ba zai samu kotun da za ta raba shi a can ba, shi ya sa Ingila ta bar ƙofar kotunanta a buɗe ga waɗanda aka ɗaura musu a cikinta.

Daga baya abin ya juyo ta wata fuska. Wasu masoya biyu, Rebecca Steinfeld da Charles Keidan, namiji da mace, suka kai ƙara suna cewa su rajistar zaman tare suke so, ba aure ba, kuma an hana su. Kotun ƙoli ta ba su gaskiya a 2018, kuma a ƙarshen 2019 aka buɗe rajistar ga kowa a Ingila da Wales. A watan Fabrairu na 2020 kuwa kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Nasreen Akhter da Mohammed Shabaz Khan, waɗanda aka ɗaura musu aure a Landan bisa tsarin Musulunci ba tare da rajista ba, ta ce a dokar Ingila ba a ƙulla aure ba sam, don haka matar ba za ta nemi rabon dukiya irin na matar aure ba. Abin da aka gaya wa Yaya a ƙaramin ofishinmu shi ne kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar bayan shekaru.

Ita Yaya Allah ya rufa mata asiri ta hannun 'ya'yanta. Su ne doka ta ba gadon, kuma dukkansu sun balaga, sai suka zo ofis suka sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ta kasonta ta kuma tabbatar mata da zama a gidan iya rayuwarta, ba a kai ga shiga kotu ba. Ba kowace mace ke samun irin waɗannan 'ya'ya ba, musamman idan akwai 'yan uba. Ita ce da kanta, bayan ta fita takaba, ta kira ni ta ce, "Ƙanwata, ba zan bari wata ta zauna a kujerar da na zauna ba, ki shirya mu shiga gidajen mata." A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda muka fara wannan zagaye, da zaman da muka yi da limamai a kan su riƙa neman takardar rajista kafin su ɗaura aure.