Izinin Fayil a Aikinmu na Girka Sabar

Ina da ƙaramin kamfani a Maradi, ni da yara uku, muna girka wa makarantu masu zaman kansu da shagunan magani manhajar ajiyar bayanai a kan sabar, wato kwamfutar da sauran na'urori ke buɗe manhajar daga cikinta. Yawancin injinan Ubuntu ne ko Debian, wato nau'o'in tsarin Linux, kuma babu abin da yake cinye mana rana kamar izinin fayil. Sai a gama komai, a buɗe shafi, ya fito da lamba 403, wato an hana shiga, ko manhajar ta ƙi ajiye ko da hoto ɗaya.

Tushen matsalar kusan kullum guda ne. Saboda intanet ba ta da tabbas a wurin abokan ciniki da dama, a kile (ƙaramar ma'ajiyar USB) muke ɗauko manhajar, kuma tsarin ajiyarta na FAT32 ba ya riƙe izini irin na Linux. Idan yaro ya kwafe ta zuwa foldar /var/www da sudo (umarnin aiki da ikon shugaba), fayilolin sun zama mallakar root, wato asusun shugaban injin, alhali Apache, manhajar da ke fito da shafukan, yana aiki ne da sunan www-data, wanda ba shi da ikon rubutu a can.

Kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, da sauran jama'a, kuma ana lissafa izinin kowannensu da lamba: karatu 4, rubutu 2, gudanarwa 1, a haɗa su a samu lamba ɗaya ga kowanne daga cikin ukun. Sabon yaro da ya gane haka sai ya garzaya ya buga chmod 777, umarnin da ke ba kowa cikakken izini, kuskuren ya ɓace, shi kuma yana ganin ya yi gwaninta. Wannan na hana shi a shagona, domin cire ƙyauren ɗaki ne don makulli ya ƙi buɗewa. Na taɓa tarar da sabar wata makaranta a haka, har fayil ɗin da ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai kowa yana iya sauya shi.

Mu da umarnin ls -l muke farawa, mu ga wane ne mai fayil ɗin, sannan mu karanta rajistar kurakurai ta Apache. Folda tana samun 755, fayil 644, na kalmar sirri kuwa 640, kuma foldar da manhaja za ta yi rubutu a cikinta kaɗai muke miƙa wa www-data da chown, umarnin sauya mai fayil. Wurin da har ƙwararru ke tuntuɓe shi ne foldar da ke sama: idan ɗaya daga cikinsu ba ta da izinin gudanarwa, Apache ba zai kai ga fayil ɗin ba, komai kyan lambarsa. Ranar da na fara cin karo da wannan, tun azahar nake nema, ban gano ba sai bayan sallar isha'i.