Motar da ta durƙusa mini a hanyar Dutsi

Shekara ta 2022 ce, tun gadar Gaya da Malanbil na buɗe, na ɗauki kuɗɗin albasar da na tara na nufi Kwatano da niyyar ƴar Corolla wadda za ta riƙa kai ni Tawa zuwa Yamai ba tare da ciwon kai ba. A parkin Sekanji na hango wata babbar motar Turai baƙa wuluk, kujerun fata, kilim ɗinta kamar firijo, kuma kuɗinta bai wuce na Corollar da komi ba. Ban tsaya na tambayi kaina dalilin wannan araha ba, wallahi ido ne ya rufe, na biya, taransiter ya yi takardu, munka yi dedwanma, na shigo gari ana ta yi mini barka.

Wata huɗu ta yi lafiya lau. Ran nan ina dawowa daga Yamai da iyali, mun wuce Dosso mun kusa Dutsi, sai na ji bayan motar ya zauna ƙasa kamar raƙumi ya durƙusa, taya na gugar jiki, fitilu sun kama a tablo ja da rawaya, ga rana ga yara na kuka. Wani tsohon makanike anka kira mini, ya kwanta ya leƙa ƙasa ya taso yana kaɗe riga ya ce, Alhaji wannan ai ba ƙarfe ke ɗauke da ita ba, iska ce. Na ce Baba iska kamar ƙaƙa? Ya nuna mini wata jakar roba a wajen amortiser, duk ta tsattsage. Ashe irin waɗannan motoci bisa jakunkunan iska suke zaune, kwamfaresa na hura su, to zafinmu da ƙura su busar da robar, iska ta riƙa zurara, kwamfaresa ta yi ta aiki ba hutu har ta ƙone. A motata duka biyun sunka tafi rana ɗaya.

Na bi kasuwar Katako da wajen masu feray shago shago babu, sai odar waje. Kafin in gama haɗa kuɗin sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, iyaka ta rufe, kaya sai ta Lome su ratso Burkina cikin ayari, abin da ke zuwa da sati biyu ya koma watanni. Motar na tsakar gida an lulluɓe ta da tampol, ni ina hawan kabu-kabu.

Cikin wannan zama ne ƙanena ya koya mini duba lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke gindin gilashin gaba, ka sa a intanet ka ga ko kamfani ya taɓa kiran motar gyara. Nan na san labarin jakunkunan kariya daga hatsari na kamfanin Takata da ke fashewa su watso ƙarfe a fuskar direba, miliyoyin motoci anka kira, kamfanin ma ya karye a 2017. Abin da ya fi damuna, can Turai da Amurka wasiƙa ake aika wa mai mota, mu nan da muke sayen ta hannu na uku wa zai aiko mana? Kuma zafi na cikin abin da ke lalata jakunkunan.

Yanzu ga motocin Sin sun fara yawa, Chery, Geely, Jetour, sabbi dal da leda, kuɗi da sauƙi, kuma ban raina su ba ko kaɗan. Wani abokina ya so in raka shi ya ɗauko guda, na ce mu fara biyawa garajin unguwa tukuna, in makanikenmu ya ce yana da mashin ɗin karanta ta kuma ana samun filtar da plaket ɗinta a Yamai, sai mu je. Mun je garajin jiya, ya ce a ba shi kwana uku ya bincika.