Gyaran famfon bindigar iska: inda aiki ya tsaya

Ƴan'uwa masu koyo, barkanku da aiki. Bindigar da ke kan teburi yanzu Crosman 760 ce, samfurin da aka fara ƙerawa a Amurka a 1966, mai cin ƙwayar dalma ta milimita 4.5. Ciwonta shi ne hannun famfo yana tafiya sakayau, ka buga sau goma ba ka ji nauyin komai ba. Kafin a ɗauki sukudireba sai da aka saurare ta, domin famfo yana faɗin ciwonsa da kansa, kuma bindigogi da yawa an kwance su a banza alhali mai kawai suke so.

In hannu ba nauyi ko kaɗan, robar kan sanda ce, wadda ke tura iska kamar ta famfon keke: ta bushe ko ta tsage. In akwai nauyi amma da ka saki hannun sai ya turo kansa baya, ƙaramin murfin shiga na bawul, wato ɗakin da ke tara iskar da aka matse, shi ne bai rufe ba, iskar da ka tura tana komowa ta danne robar. In kuwa kana jin huci ta bakin bindiga, to murfin fita na bawul ne. Wannan na ƙarshe wani lokaci kunne ba ya kama shi. Tabbatar babu ƙwaya a ciki, ka buga uku, ka ɗaura balan-balan a bakin bindiga ka ajiye. In ta kumbura, ka san inda iska take bi.

Mun fara da mai. Aka buɗe hannu har ƙarshe, robar da ɗan soson da ke bayanta suka leƙo ta tsagar bututun famfo, aka ɗiga ɗigo uku a kai, aka motsa hannu a hankali, aka jingine ta baki sama ta kwana don man ya gangara. Sau da yawa nan aiki yake ƙarewa. Kamfanin Crosman da kansa ya ce a sa mai duk bayan harbi 250, amma a Maradi, da ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, kada ku tsaya ƙirga: in soson ya bushe a ido, a ɗiga. Man da ya dace shi ne Pellgunoil, man bindigar iska na kamfanin, ko man inji mai lamba 30 wanda ba a sa masa sinadarin wanki ba. Ban da man burki, yana kumbura roba ta lalace. Ban da WD-40, man feshin nan na kwance tsatsa, ya yi ruwa da yawa, yana wanke man kirki ya bar wurin a bushe, kuma abu mai saurin kamawa bai dace da wurin da ake matse iska ba. Man gyaɗa kuma, duk da arharsa a garin nan, a bar shi a kicin: yana daskarewa ya yi danƙo ya kama bawul.

A wannan karon mai bai yi ba, sai kwancewa. Abu na farko, a fitar da iska duka: a ɗana a harba babu ƙwaya, a maimaita har sai ba a jin komai sai ƙarar ƙarfe. Bawul mai sauran iska in aka kwance shi yana iya harbo kayan cikinsa a fuska, don haka a sa tabarau. A shimfiɗa farin ƙyalle cikin faranti, domin ƙananan sifirin ba sa jira. Ƙusar da hannun famfo ke juyawa a kanta, can gaba, ana fitar da ita da siririn ƙarfe daidai kaurinta, a ɗora bindigar kan katako mai rami. Ƙusar gini ba ta wannan aiki, tsininta yana buɗa ramin.

Robar da ta fito ta yi tauri, leɓenta ya tsage wuri biyu, ƙurar da ta haɗu da tsohon mai ta zama baƙin laka a bayanta. Wannan lakar ita ce ke cin bututu. Aka naɗa tsumma marar gashi a sanda aka goge har ya fito fari, sannan aka haska tocila. Akwai ƴan layuka a tsaye amma farce ba ya kama su, to ba komai. Da farce yana maƙalewa, sabuwar roba ma ba za ta riƙe ba, sai an lallaɓa da samfefa mai lamba 600 da mai, ana juyawa, ba ana ja gaba da baya ba.

A nan nake so ku dakata, don nan ake asarar sabuwar roba. Tsagar da hannu ke bi a jikin bututu tana da kaifi. In ka tura robar da ƙarfi, gefen tsagar zai aske leɓenta, ka haɗa komai ka ga ciwon yana nan. A bi gefen da samfefa har yatsa ya wuce bai ji cizo ba, a share garin ƙarfen sarai. A jiƙa robar da mai, buɗaɗɗen bakinta yana duban bawul, a riƙa tura ta kaɗan-kaɗan ana danna leɓen ciki da tsinken itace ta cikin tsagar har ta wuce.

Wani zai ce ga fata a garinmu, me ya sa ba za a yanka ba? Tsofaffin bindigogi da fata aka yi musu, gaskiya ne, amma fatar jar akuya ta yi laushi da siranta ga wannan matsi. In dole ce, sai fatar sa mai kauri, a jiƙa ta a matse ta cikin wani abu mai faɗin bututun ta bushe da siffar ƙoƙo, sannan ta sha mai. Zoben roba na jikin bawul kuwa ana samun irinsa wajen masu kayan babur da injin ban-ruwa. A tafi da tsohon a gwada, faɗi da kauri duka.

Sai tazarar da ke tsakanin roba da fuskar bawul idan hannu ya rufe. Duk iskar da ta maƙale a nan ba ta shiga bawul, wahalar banza ce. A 760 ba a daidaita tsawon sanda, amma tsofaffin bindigogin Benjamin da Sheridan suna da noti a jikin sandar: a ƙara tsawo rubu'in juyi a gwada, har hannu ya rufe da ɗan ƙarfi ya ce ƙas, ya zauna bai faɗo ba. In sai an danne da ƙarfin tsiya ya wuce kima, ƙusoshi ne za su ci.

An haɗa, nauyi ya dawo tun bugu na biyu. A riƙa buɗe hannu har ƙarshe a ɗan tsaya kafin a rufe, don bututu ya cika. Iyakar 760 bugu 10 ne, Benjamin 392 kuma 8. Wuce haka ba ya ƙara ƙarfi, matsi ne zai hana gudumar ciki, ƙarfen da ke bugun bawul lokacin harbi, buɗe shi sosai. An gwada ta a jikin tudun yashi, ba bangon siminti ba, saboda ƙwaya tana dawowa.

Saura gwajin riƙo. An bar ta da bugu biyu, babu ƙwaya, cikin buhu a inuwa. In da safe aka harba ta yi ƙara, ba za a taɓa bawul ba. In ta yi shiru, shi za a buɗe a duba mazaunin robar fita da gilashin ƙara girma, don ƙwayar rairayi guda ta isa ta hana shi rufewa.