Godiya ga duk waɗanda suka ci salik tare da mu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sai yau kumburin ƙafafuna ya saɓe bayan tsayuwar ranar Juma'a, shi ya sa kuka ji ni shiru. Alhamdu lillahi, walimar kammala littafinmu ta yi armashi fiye da yadda na zata. Na kama istiraha, wato gidan taro na haya, a nan Jidda da lissafin mutum 30, sai ga shi mun haura 50, ban da yara. Mutanen Misfala da na Shari'a Mansur da suka taso daga Makka bayan La'asar, da ƙanwata da ta biyo jirgin ƙasa na Haramain daga Madina da goyo a baya, Allah ya ba da ladan zumunci.

Wata huɗu na yi ina sakin labarin nan babi-babi. Ga wadda ba ta karanta ba, labarin wata dattijuwa ce mai abincin biki a Makka. Sarƙar gwal ta amarya ta ɓace ranar walima, aka ɗora wa yarinyar da ke taya ta wanke-wanke, ita kuwa tsohuwa ta ce ba ta yarda ba. Daga bakin murhu ta warware zancen, ba ɗan sanda, ba jini.

Babbar godiyata ga Hajiyarmu ta Misfala take. A babi na 6 na rubuta cewa an dafa salik, wato shinkafa da madara irin ta mutanen Makka da Jidda, da basmati, kuma wai madara aka fara zubawa. Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga saƙon murya na minti bakwai. "Ke 'yar nan, wa ya koya miki salik?" Haka ta fara, ko sallama sai daga baya ta tuna. Ta ce gajeriyar shinkafa ake sa wa, irin ta Masar, a dafa ta cikin romon kaza ko na rago da hel (cardamom) da ɗan mastika, wani ƙaro mai ƙamshi, har ta yi lugub, sannan a kawo madara, a rage wuta, a yi ta juyawa. In an sauke a kwarara man shanu a kai, a ajiye duggus, wato markaɗen tumatir da barkono, a gefe don yaji. Ta rufe da cewa mace in ta san salik ba ta barin bakin tukunya bayan madara ta shiga, don tana juya baya zai kama. Na ji kunya a daren nan, ba zan ɓoye ba, shekarata tara a ƙasar nan ina cin abu ban san kansa ba. Amma wannan maganar tata ta ƙarshe ita ta zama mabuɗin littafin gaba ɗaya. Na yage abin da na tsara, na sa wadda ta ɗauki sarƙar ta rantse cewa tun Magariba ba ta ɗaga daga gaban tukunya ba, alhali duk wanda ya kai loma ya ji ƙauri. Hajiya ce kuma ta fara gano ta tun a babi na 14, sai da na yi ta roƙo, "Hajiya don Allah ki rufa min asiri," kafin ta haƙura ta yi shiru har ƙarshe.

Masu suka ma ina gode muku, don da ku aka yi tafiyar. Wadda ta ce "mun zo neman ɓarawo an tsare mu a kicin" ta faɗi gaskiya a kan babi na 9. Na zauna ina ta bayanin yadda tsirenmu da ƙuli-ƙulinsa ya zama abin da mutanen Hijaz ke kira sire, na manta amarya tana can tana kuka. Zan rage shi kafin a haɗa littafin wuri ɗaya. Masu neman soyayya kuma ku yi haƙuri, jarumata ta haura sittin. Inda ban yarda ba shi ne masu cewa labari ba kisa ba ya tayar da hankali. Duk wadda ta taɓa aiki a gidan mutane a ƙasar da ba tata ba ta san abin da kalmar "ɓarauniya" ke iya ja mata: aikin ya tafi, mutunci ya zube, wataƙila ma zaman ya ƙare. Mata uku suka same ni a gefe ranar Juma'a suka ce an taɓa yi musu irin haka. Ɗaya ta ce a ƙarƙashin kujerar mota aka tsinci zoben bayan wata biyu, ba wanda ya kira ta ya ce ta yi haƙuri.

Ranar walimar kowa ta zo da abin da ta girka daga cikin littafin. Ga shinkafar kabsa da lumi, wato busasshen lemun tsami, ga waina da miyar taushe, ga tuwon shinkafa da miyar kukar da aka aiko mana daga Kano ta hannun masu Umara, ga subiya mai sanyi, ga gahawa da dabino. Salik kuwa Hajiya ta ce ba wadda za ta taɓa sai ita. Ana tsaka da juyi gas ya ƙare. Maigida, Allah ya ƙara arziki, shi ya fita da tukunyar gas a kafaɗa cikin wannan zafin, ya dawo jiƙe sharkaf. Salik ɗin bai kama ba, ban san yadda Hajiya ta yi ba.

Kuloli biyu da babban faranti mai zanen fure suna wurina, masu su su yi min magana. Ni kuma muciyata da na zo da ita daga gida ba a gan ta ba tun daren. Mutum uku ne suka shiga kicin bayan Isha'i, kuma na lura da wadda ta fito mayafinta ya yi tsini ta gefen hagu. Na ba ta zuwa Alhamis, in ba haka ba zan kai ƙara Misfala.