Kafin ka kai ƙarar mai ba da tallafi, bi sa hannun

Aikin da aka ɗora mini shi ne haɗa takardun wasu manoma da hanya ta cinye gonakinsu ba diyya. Kuɗin hanyar rance ne daga wani bankin raya ƙasashe. Na fara shirya ƙarar bankin a kotu, makonni suka tafi a banza, domin irin waɗannan hukumomi rigar kariya gare su. Majalisar Ɗinkin Duniya ta samu tata a yarjejeniyar 1946, da ita kotunan Amurka suka kori ƙarar mutanen Haiti kan kwalarar 2010 da suka ɗora wa sojojin Majalisar, ko da yake Ban Ki-moon ya nemi afuwa a Disamban 2016. A 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta ce kariyar IFC, reshen Bankin Duniya, tana da iyaka, amma masuntan Gujarat da suka kai ƙarar ba su tashi da ko sisi ba.

Sai na koma kan yarjejeniyar rancen. Gwamnati ce ta sa hannu za ta biya diyya, ɗan kwangila kuma dokar ƙasa na hawa kansa. Su kotu za ta iya kira. Bankin kuwa ta ofishin bincikensa ake bi.

Wannan ofishi bai tsaya ga "an cuce mu" ba. So yake ka nuna ƙa'idar bankin da aka taka, da cutar da ta biyo baya. Kwamitin Binciken Bankin Duniya, wanda aka kafa a 1993, misali ne: mutum biyu sun isa su shigar da koke, ana iya sakaya sunayensu, amma sai sun nuna sun fara kai kuka ga jami'an bankin. Ofishin da muka nufa ma haka, nan kuwa muka yi tuntuɓe. Manoman sun sha yin magana a taro, amma babu wasiƙa ko ɗaya mai kwanan wata da hatimin karɓa. Dole muka rubuta, muka jira amsa, ga wa'adin rufe aikin na matsowa.

Abin da ya fi cin rai shi ne rajistar ƙidaya, wato jerin waɗanda aikin ya shafa da za a biya diyya. Duk wanda ba a rubuta ba ranar da aka rufe ta, kamar bai taɓa noma wurin ba, kuma masu haya da matan da ke noma gonar miji su aka fi tsallakewa. Kowannensu sai da muka auna gonarsa, muka ɗauki hoto, maƙwabta biyu suka sa hannu.

Ofishin ba ya biyan diyya. Rahoto yake miƙa wa daraktocin bankin, jami'ansa su tsara gyara, shi ya sa tun farko muka nemi a rubuta ranar cika kowane alkawari.