Abin da bidiyon waya ya koya mini a ɗakin tace hoto

Lokacin da na fara aiki a ɗakin tace hoto na wata tashar talabijin, na ɗauka mayar da bidiyon waya zuwa tsarin da ake watsawa aikin minti biyar ne. Ka jefa fayil cikin Format Factory, manhajar juya bidiyo, ka zaɓi tsarin MPEG-2 da tasharmu ke karɓa, ka tafi shan shayi. Mako bai zagayo ba na sha kunya.

Wakilinmu ya turo hirar da ya yi da wani dattijo manomi kan ambaliya. Na juya ta, na leƙa farkonta, na ga lafiya lau, na miƙa. Da aka sa a labaran dare, kafin a kai ƙarshe bakin dattijon na gaba, muryarsa na biye da shi a baya, sai ka ce fim ɗin Indiya da aka yi wa fassara. Shugaban sashenmu bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ka kalle ta har ƙarshe kuwa?" Ban kalla ba.

Daga baya na gano inda gizo ke saƙar. Talabijin a Najeriya tsarin PAL ya gada, hoto 25 a kowace daƙiƙa, ba ƙari ba ragi. Yawancin wayoyi kuwa 30 suke ɗauka, irin na Amurka, kuma ko 30 ɗin ba sa tsayawa a kai: haske ya yi ƙasa, sai waya ta rage gudu ba ta gaya wa kowa ba. Manhajar tace hoto ita kuma tana lissafi kamar gudun bai taɓa canzawa ba, shi ya sa hoto da sauti ke rabuwa kaɗan-kaɗan, sai hira ta yi nisa abin ya fito fili. Yanzu duk fayil ɗin waya sai ya bi ta HandBrake, wata manhajar juya bidiyo, na ɗaure shi a kan 25 cif, sautin kuma na sa shi a kilohaz 48, ma'aunin sauti na talabijin, kafin ya shiga aiki.

Akwai kuma abin da juyawa ba ta gyarawa. Wutar lantarkinmu sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, don haka hoton da aka ɗauka a kan 30 ƙarƙashin dogon ƙwan fitila yakan riƙa ƙyaftawa. Wannan tun daga wurin ɗauka ake maganinsa. Na gaji da roƙon wakilai su kwantar da waya maimakon su tsayar da ita, su kuma daina turo bidiyo ta WhatsApp kai tsaye, domin matse shi yake yi; su turo shi a matsayin fayil. Wasu sun ji. Wasu har gobe.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ba na ofis ba ne. Wata maƙwabciyarmu ta kawo mini memori daga tsohuwar Nokia, da bidiyon marigayi mahaifinta yana addu'a a wajen suna, tana so a sa mata a faifan DVD. Fayil ɗin 3GP ne, tsarin bidiyon tsofaffin wayoyi; cikin ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto, faɗinsa ɗigo 176 ne, tsayinsa 144. Hoton DVD kuwa 720 ne da 576, wato ya ninka shi kusan sau 16. Da na buɗe shi ya cika allo, fuskar tsohon ta dagargaje, ba ka bambance ido da gira. Na gwada manhaja uku, duk kanwar ja ce, don abin da waya ba ta ɗauka ba babu inda kwamfuta za ta samo shi.

Sai na bar hoton ƙarami a tsakiyar allo, baƙi ya kewaye shi, na ɗan ɗaga muryar. Na ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, iyakar abin da zai yiwu ke nan." Ta matso da kujera dab da talabijin, ta ce in sake maido mata daga farko.